Gani Ya Kori Ji: Amfanin Kai 'Yan Makaranta Gona

   Wadda ke tsintar shinkafa ta ci gaba da tsintarta, wadda ke ɗinkin hula ta riƙe allurarta, mu kunne kawai muke aro.

Yau za mu yi magana ne a kan wata takarda da wasu makarantu kan aiko wa iyaye, inda za a ce ranar kaza za a kai 'yan aji kaza ziyara gona, ana neman izini da kuɗin mota. Sau da yawa idan takardar nan ta shigo gida, abin da ke fara fitowa daga bakin uwa shi ne, "Gona kuma? Mun sa yaro boko don ya huta da fartanya, shi ne za a sake mayar mana da shi can?" Wata kuma ta ce ai yawon shan iska ne kawai, dabarar karɓar kuɗi ce. To, 'yar uwa, kafin ki ninke takardar ki cusa ta ƙarƙashin katifa, ki ɗan saurara mu duba abin tare. Ziyarar nan idan an shirya ta yadda ya kamata, tana koya wa yaro abin da allo da alli ba za su iya koya masa ba. Amma kuma darasin ba ya kama ƙasa sai ke da ke cikin gida kin ba shi ruwa.

Bari mu fara da halin da 'ya'yanmu ke ciki. Fiye da rabin mutanen Nijeriya a yau a birane suke zaune. Yaron da aka haifa a cikin Kano ko Kaduna ko Sakkwato ko Damagaram, abin da ya sani game da tuwo shi ne a aike shi shago ya auno masara, ya kai inji a niƙa. Madara a gwangwani ya san ta. Ki tsayar da shi gaban shukar gero da ta dawa ki ce ya bambance, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Wani zai ce to mene ne a ciki? Abin da ke ciki shi ne, wanda bai san wahalar abu ba ba ya ganin darajarsa. Shi ya sa yaro zai ci loma uku ya ture kwano, ya bar famfo a buɗe, ya karya ɗan itacen da aka dasa a bakin titi don ya yi bulala, ya sha ruwan leda ya yar a kwata. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne.

Kuma wannan ba ƙaramar asara ba ce. A shekarar 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya lalacewa yake yi ko a zubar da shi. Mu kuwa a shekarun 2023 da 2024, bayan janye tallafin man fetur, babu uwar da ba ta ga yadda kwanon masara da na shinkafa suka yi tashin gwauron zabo ba. Gidan da yara suka san tattali ya fi jure irin wannan lokaci.

Masana suna kiran abin da ake son koya wa yaran da suna rayuwa mai ɗorewa. Kada sunan ya ba ki tsoro. Ma'anarsa ita ce mu ci amfanin ƙasa da ruwa da itatuwa ta yadda ba za mu kashe su ba, na bayanmu su ma su zo su samu. Wato dai tattali, wanda kakanninmu suka rayu a kansa tun kafin a ba shi sabon suna.

To me ya sa sai an je gona? Ai ana koyar da darasin aikin gona a aji. Gaskiya ne ana koyarwa, amma yaro zai haddace ma'anar taki ya rubuta a jarrabawa ya ci, alhali bai taɓa damƙar taki a hannunsa ba, bai san bambancin ɗanye da wanda ya ruɓe ba. Abin da kunne ya ji yakan fita bayan jarrabawa. Abin da hannu ya taɓa, baya ya sunkuya a kansa, shi ne ke zama.

Wannan matsala ba a ƙasarmu kaɗai take ba. A Ingila, a shekarar 1976, wani marubucin littattafan yara mai suna Michael Morpurgo, wanda ya taɓa zama malamin firamare, shi da matarsa Clare suka kafa wata ƙungiya mai suna Farms for City Children, wato gonaki domin yaran birni. Sun fara ne da gona guda a yankin Devon, daga baya suka ƙara biyu. Tsarinsu shi ne a kawo 'yan firamare daga cikin birane tare da malamansu, su yi kusan mako guda a gonar. Ba kallo suke zuwa yi ba. Su tashi da sassafe su ba dabbobi abinci, su kwashe kashinsu, su tsince ƙwai, su yi aikin lambu, ko ana sanyi ko ana ruwa, sa'an nan su zauna su ci daga abin da gonar ta samar. Yara sama da 100,000 sun bi ta wannan hanya. Mu nan ba mu da buƙatar a koya mana noma daga Ingila, tunda gona tana nan bayan gari. Abin ɗauka a wurinsu shi ne dabarar, wato a ba yaro aiki na gaske a hannunsa, a bar shi ya ga sakamakonsa.

Yanzu bari in lissafa miki darussa huɗu da ya kamata yaronki ya dawo da su, domin ki san abin da za ki tambaye shi.

Darasi na farko shi ne abinci yana cin lokaci, yana cin gumi. A ba yaro sungumi ya sara rami, ya jefa iri, ya rufe da ƙafa. A ba shi 'yar fartanya ya nome kunya guda, ko na minti goma ne. Manomin ya gaya masa da bakinsa cewa gero yana ɗaukar kamar wata uku kafin ya nuna, dawa kuwa wata huɗu zuwa biyar ko fiye. Ya lissafa masa abin da ke tsakani: noman firi, maimai, korar tsuntsaye, girbi, ɗaurin dami, sussuka, shiƙa. Daga nan ne ma aikinki ke farawa, surfe da wanki da niƙa da tuƙi. Yaron da ya ji bayansa ya ƙage a kan kunya guda, in ya ɗaga kai ya ga sauran kunyoyin da ke gabansa, ba sai an yi masa dogon faɗa a kan zubar da tuwo ba.

Darasi na biyu shi ne a gona babu abin yarwa. Bayan an yanke kan dawa, kara ya zama danga ko makamashi, ganyensa ya zama abincin dabbobi. Harawar wake da ta gyaɗa ta awaki da tumaki ce. Dusa ta kaji ce da shanu. Abin da dabbobin suka kasayar kuma ya koma gona ya zama taki, ya ciyar da dawar baɗi. Haka manoman kewayen Kano suka daɗe suna noma gona guda shekara da shekaru ba tare da ta mutu ba, saboda da rani sukan yi ta jigilar taki da toka da sharar gida a mangala bisa jakuna daga cikin gari zuwa gonaki. Haka kuma manomi kan gayyaci Bafulatani ya sauka da shanunsa a gonar bayan girbi domin su zuba masa taki.

A nan akwai wani abu da yara ke jin daɗin gani. A tuge tushen gyaɗa ko na wake, a nuna musu waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle da ke jikin saiwar. A cikinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu jawo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Sinadarin nan shi ne ake saye da tsada a cikin buhun takin zamani. To kin ji dalilin da ya sa manoma ke haɗa dawa ko gero da wake a gona guda, ko su yi gyaɗa bana su yi dawa baɗi. Tsohon manomi ya san ƙasa tana ƙara ƙarfi bayan wake, malamin makaranta ya san dalili. Ranar ziyara ce ke haɗa su biyun a gaban yaro.

Akwai wurin da aka gina kacokan a kan wannan darasi. A birnin Porto-Novo na Jamhuriyar Benin akwai cibiyar noma ta Songhai, wadda wani ɗan Nijeriya, malamin coci mai suna Godfrey Nzamujo, ya kafa a shekarar 1985. A can an haɗa noma da kiwon dabbobi da kiwon kifi wuri guda, kowane yana ciyar da ɗan uwansa. Kashin dabbobi ana zuba shi a rufaffen rami ya fitar da iskar gas ta girki, ragowarsa ya zama taki. Daga sharar da wani zai toshe hanci ya wuce, ana kiwon tsutsa a ba kifi da kaji. Matasa daga ƙasashen Afirka da dama sun je can sun koyi sana'a. Ba lallai yaronki ya je Benin ba. Duk gonar da ke da kaji da awaki da ɗan lambu za ta iya nuna masa wannan zagaye.

Darasi na uku shi ne itace abokin gona ne. Iyayenmu ba su manta farin shekarun 1973 da 1984 ba, lokacin da amfanin gona ya ƙone, dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. A wancan lokaci gonakin yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun zama fili fetal, iska na kwashe ƙasa tana binne shuka, mata na tafiya mai nisa neman itacen girki. An yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A shekarar 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara gwada cewa maimakon a sare duka, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a yanke sauran, a riƙa kula da su. Manoma suka kira abin sassaben zamani, suka yi ta koya wa juna. Bayan kamar shekara 20, bincike ya nuna an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram. Cikin waɗanda suka fi cin moriyar abin har da mata, domin itacen girki ya dawo kusa da gida.

A gona, a kai yaro gindin gawo. Shi gawo itace ne mai abin mamaki, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma dabbobi su ci da rani lokacin da ciyawa ta ƙare. A sa yaro ya dubi geron da ke ƙarƙashinsa da wanda ke nesa, ya faɗi da bakinsa wanne ya fi kyau. A ba shi buta biyu, ya zuba ɗaya a kan ƙasar da ta bushe ta yi tauri, ɗaya a inda ganye ya rufe, ya ga inda ruwa ke gudu da inda yake nutsewa. Ya gama fahimtar zaizayar ƙasa ke nan, ba tare da an zana masa komai a allo ba.

Darasi na huɗu shi ne ruwa da ajiya. Idan da rani aka je, a fadama ko lambu, a bar yaro ya ɗebi ruwa ya yi ban-ruwan kwali guda na albasa ko tumatir, ya ƙirga bokiti nawa ya ci. Yaran Kano in an kai su wajen Kadawa ko Kura, za su ga yadda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974, ke bin magudanai yana shayar da shinkafa da alkama da tumatir. Idan kuma da kaka ne, a nuna musu rumbu, da dalilin da ya sa ake ɗaga shi daga ƙasa. A nuna musu buhun nan mai ninki uku na ajiyar wake, leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi sosai a ƙasashenmu daga shekarar 2007. In an ɗaure shi tam, ƙwarin da ke ciki sai su rasa iska su mutu, babu buƙatar barbaɗa wa abinci maganin ƙwari. Yarinyar da ta ga wannan tun tana ƙarama, gobe ba za ta zuba guba a cikin waken da iyalinta za su ci ba.

To 'yar uwa, na san akwai abin da ke ranki, kuma ba tsoron banza ba ne. Dukanmu mun ji abin da ya sami 'yan makaranta a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024. Saboda haka maganar farko ita ce, inda hanya ba ta da aminci, kada a je. Babu darasin da ya kai ran yaro. A irin wannan wuri sai a kawo gonar kusa: lambun da ke cikin gari, gidan wani mai kiwon kaji a unguwa, ko ɗan fili a harabar makaranta. Inda kuwa akwai kwanciyar hankali, haƙƙinki ne ki sani kafin ki yarda. Ki aika wa malamar ajin da tambaya, ko ki kira ta a waya, ko maigida ya je ya ji. Gonar wa ce, kuma a ina take? Ƙarfe nawa za a tashi, ƙarfe nawa za a dawo? Malamai nawa ne za su raka yara nawa? Akwai malama mace tare da 'yan mata? Wace irin mota ce, kuma ba za a cusa yara kamar buhuna ba? Me yaran za su yi da hannunsu a can? Makarantar da ta shirya da gaske ba za ta ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Sai kuma maganar lafiya, tunda rigakafi ya fi magani. Ki sa masa takalmi rufaffe saboda ƙaya da kunama da maciji. Ki ba shi hula da gorar ruwan sha daga gida, da ɗan guntun sabulu. Ki ja masa kunne cewa in ya taɓa dabba ko taki, kada hannun ya je baki sai ya wanke da sabulu. Kada ya sha madarar da aka tatso ba a tafasa ba. Kada ya taɓa kazar da ke kumallo ko wadda ta mutu, domin murar tsuntsaye ta ɓulla a ƙasar nan tun 2006, kuma takan dawo lokaci-lokaci. Kada ya tsinki wani abu ya ci sai manomi ya ce ba a yi feshi ba. Kada kuma ya shiga kududdufi ko magudanar ruwa, saboda nutsewa, da kuma tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini, wadda ake ɗauka a irin wannan ruwa.

Akwai kuma abin da ya kamata mu bambance. Koyo daban, ƙwadago daban. A kwashi yara a kai su su wuni cikin rana suna nome gonar wani, wannan ba ziyarar ilmi ba ce, kuma iyaye suna da ikon su ce a'a. Haka nan al'adar nan ta mayar da sharar ciyawa horo ga yaron da ya makara ko ya yi surutu, ita ce ke sa yara da yawa su tashi suna ganin fartanya abin wulaƙanci ne. Aikin da ake so shi ne ɗan kaɗan daidai ƙarfin yaro, da bayani, da damar yin tambaya.

Game da 'ya'ya mata, idan sharuɗɗan nan sun cika, ki zauna da maigida cikin ladabi ki nuna masa amfanin a bar ta ta je. Ita ce gobe za ta riƙe ɗakin ajiyar abinci, ita za ta auna, ita za ta adana. Kiwon kaji da awaki da tumaki a ƙasar Hausa ai yawanci a hannun mata yake, da shi ake fita kunyar biki da suna da kuɗin magani. Kuma cikin 'yan matan nan akwai waɗanda za su zama likitocin dabbobi da malaman gona, masu shiga gida-gida su koyar da mata irinmu.

Yanzu mu zo kan babban aikin, wanda yake naki ne. Wata za ta ce, "Ni da ba na fita, me zan iya a kan maganar gona?" Haba uwargida, ai rabin gona a tsakar gidanki take. Ke ce mai tara dusa ki ba kaji, ke ce mai ɗumama tuwon jiya ya zama karin kumallo, ke ce mai shanya kuɓewa da tumatir lokacin araha domin lokacin tsada. Abin da ake kai yaro ya gani, ke kina yin sa kullum, shi ne dai bai taɓa lura ba.

Ranar da ya dawo, bayan ya yi wanka ya ci abinci, ki zaunar da shi ya ba ki labari. Kada ki tsaya a kan "Ya hanya?" Ki tambaye shi me ya taɓa da hannunsa, me ya ba shi mamaki, me manomin yake yi da kashin dabbobinsa. Ki bar shi ya zama malaminki na wannan yamma, ko da abin da yake faɗa kin riga kin sani. Yaro in ya koyar da abu, ya riƙe shi ke nan.

Sa'an nan cikin makon ku fara wani abu, kafin zafin abin ya huce. Ki samo tsohon buhun shinkafa, ku huda shi ta ƙasa, ku cika da ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, ku ajiye inda rana ke samu. Ya shuka alayyafo ko rama ko yakuwa ko kuɓewa. Alayyafo cikin wata guda ya isa tsinka, kuɓewa kamar wata biyu ta fara 'ya'ya. Ki ce masa buhun nan nasa ne, in ya manta ban-ruwa kada ki yi masa, ki tuna masa kawai. Ruwan da za a zuba kuwa ba sai an saya ba, ruwan wankin shinkafa da na kayan miya da na alwala ya isa. Ban da mai omo ko maiƙo. Ki tsare buhun daga awaki da kaji da ɗan shinge, in ba haka ba kuka za a yi.

Ku kuma haƙa ɗan rami a gefe, nesa da rijiya da madafa, ko ku sami tsohon bokiti. Ɓawon kayan miya, ɓawon ƙwai, busasshen ganye, kashin kaji ko na awaki, toka kaɗan, duk a zuba a rufe da ƙasa. Ban da nama da mai da leda. A ɗan yayyafa ruwa, a riƙa juyawa bayan mako ɗaya ko biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙar ƙasa mai laushi marar wari. Ga wani gwaji kuma da yara ba sa mantawa: ya binne ɓawon ayaba a wuri guda, leda a wani wurin, bayan wata guda ya tono. Ɓawon ya kama hanyar zama ƙasa, leda tana nan yadda aka sa ta. Daga nan ki gaya masa ita ce ke toshe kwata har ruwa ya shiga gidaje da damina, ita ce kuma akuya ke haɗiya ta cushe mata ciki, ta yi ta ramewa har ta mutu.

Idan kina da kaza mai kwanci, ki ba shi aikin ƙirga kwanaki, ya riƙa ja wa kalanda layi. Kwana 21 ƙwan kaza ke yi ya ƙyanƙyashe, na zabuwa kamar mako huɗu, akuya kuwa wata biyar take ɗaukar ciki. Ku dasa zogale guda a kusurwar gida, da iri ko da reshe, ku sa masa sunan yaron. Ranar da aka yi miya da ganyen buhunsa, ki faɗa a gaban mahaifinsa cewa miyar yau daga gonar wane ce. Ki sa shi ya lissafa nawa za a kashe da a kasuwa aka sayo. Kin ga lissafin makaranta ya shigo madafa ke nan.

Idan kuma makarantar yaranki ba ta yin irin wannan ziyara, ba a rasa mafita ba. Ki roƙi maigida ya kawo maganar a taron iyaye da malamai, tunda da wuya a rasa uba guda a cikinsu mai gona kusa da gari. Ko kuma da dogon hutu, wanda ke faɗowa tsakiyar damina, a tura yaro ƙauye wurin kakansa ko baffansa ko kawunsa ya yi mako ɗaya ko biyu, in hanya lafiya. A gaya musu kada a zaunar da shi a inuwa a ce ɗan birni ne, a tafi da shi gona.

'Yan uwa, ba muna cewa dole kowane yaro ya zama manomi ba ne. Wani likita zai zama, wata malama, wani ɗan kasuwa, wani ma shi zai riƙe ofishin da ake yanke shawara a kan daji da ruwa da filayen noma. Amma dukansu abinci za su ci, kuma wanda ya san daga ina yake fitowa zai fi riƙe amanar ƙasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin da zan bar ku da shi a wannan mako ɗan kaɗan ne. Yau da daddare in an zuba tuwo, ki tambayi yaranki hannu nawa abincin nan ya bi kafin ya iso kwano, ku ƙirga tare. Gobe kuma ki nemo buhu guda.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. A gaida maigida, a shafa kan yara. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.